Yadda za ka gwada ƙarfin shaida hoto da waya da takarda

Ƙanena ya taɓa cin arba'in cikin arba'in a wani gwajin hotuna da na shirya masa, har ya fara cika baki a tsakar gida. Da na zauna na duba takardarsa sai na gano sirrin: duk hoton da na nuna masa, wanda ya gani da wanda bai taɓa gani ba, amsarsa ɗaya ce, "na gan shi". Laifina ne, domin rabin lissafin kawai na yi. Ga yadda nake shirya gwajin yanzu.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun raba tunowa da shaidawa. Tunowa shi ne a ce ka zayyano abin da ka gani da ka. Shaidawa kuwa a ɗora maka abu a gaba a ce, ka taɓa ganin wannan? Na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1973 Lionel Standing a Kanada ya nuna wa mutane hotuna 10,000 cikin 'yan kwanaki, da aka zo zaɓe tsakanin tsohon hoto da sabo suka dace da kusan kashi 83 cikin ɗari. A 2008 Timothy Brady da abokan aikinsa a jami'ar MIT da ke Amurka suka nuna hotunan kayayyaki 2,500, kowanne daƙiƙa 3, mutane suka ci kashi 87 ko da bambancin bai wuce yanayin abin ba, kamar a buɗe ko a rufe. Saboda haka ka sa a ranka mutanenka za su yi ƙoƙari. Aikinka shi ne kada gwajin ya zama sha yanzu magani yanzu.

Ka fara da ɗaukar hotuna 80 da wayarka. Kayan gida sun isa: buta, tsintsiya, ludayi, kwaɗo da makulli, maburgi, takalmi, tocila, faifai. Ka shimfiɗa farin zane ɗaya ka riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya, a haske iri ɗaya. A karon farko ni ban yi haka ba, sai matata ta riƙa shaida hotuna ta tabarmar da ke ƙarƙashinsu. Kada ka sa fuskar mutane, kuma gara ka ɗauki kayan a gidan da wanda za ka gwada ba ya shiga. Idan kana so abin ya yi tsauri, ka ɗauko su biyu-biyu masu kama: buta shuɗiya da buta koriya, kwano da murfi da kwanon ba murfi.

Sai rabo. Ka rubuta lamba 1 zuwa 80 a ƙananan takardu, ka zuba a hula ka girgiza, ka zaro 40. Waɗannan su ne rukunin farko, sauran rukuni na biyu. Kada ka zaɓa da ido, don hannunka zai kai ga masu ɗaukar hankali ba ka sani ba. Rabin mutanenka su kalli rukunin farko, ɗaya rabin su kalli na biyu. Ta haka idan wani rukuni ya fi sauƙin riƙewa, sauƙin ya rabu daidai.

Ka nemi yardar mutum, ka gaya masa yana iya tashi duk lokacin da ya ga dama, a takarda kuma lamba za ka ba shi ba suna ba. Bayanin da za ka yi ka rubuta shi ka karanta wa kowa iri ɗaya. Ka nuna hotuna 40, kowanne daƙiƙa 3. Idan kana da kwamfuta, manhajar PsychoPy da Jonathan Peirce ya ƙirƙiro a Jami'ar Nottingham kyauta ce, za ta riƙe maka lokaci. Ni dai agogo da babban yatsa nake amfani da su. Da an gama, ka sa shi ƙirga baya daga 300 yana cire uku-uku har minti biyu, don kada ya yi ta bitar na ƙarshe a zuci.

Yanzu ka gauraya duka 80 ka nuna ɗaya-ɗaya, shi kuma ya ce "tsoho" ko "sabo". Ka zauna a bayansa. Fuskarka tana magana, ko ɗan murmushi ka yi ya karanta.

A wajen lissafi ne ƙanena ya yi mini wayo. Lambobi biyu za ka fitar. Na farko, tsofaffi nawa ya shaida. Na biyu, sababbi nawa ya rantse ya gani. Wannan na biyun nake kira shaidar zur, ko da yake ba da gangan ake yi ba, mutum ji yake har zuciyarsa ya gani. Ka mai da kowanne kashi cikin ɗari, ka ɗebe na biyu daga na farko. A ce wani ya shaida 38 cikin 40, wato kashi 95, amma ya yi shaidar zur a 20, wato kashi 50. Makinsa 45. Wata kuma ta shaida 30 kacal, kashi 75, shaidar zur biyu, kashi 5. Makinta 70. Ita ta fi shi riƙewa, shi saurin cewa "e" ne da shi. Ƙanena kuwa ɗari a ɗebe ɗari, ya tashi a tutar babu. Wannan raba ƙarfin ganewa da saurin amsawa shi ne ginshiƙin littafin David Green da John Swets na 1966, kuma masu bincike na da lissafin da ya fi wannan zurfi, amma na gida ya wadatar.

Idan hannunka ya faɗa, ka shigo da maganar hankali. Lokacin kallo, wani ya riƙa karanto lambobi, mai kallo ya buga tebur duk sa'ad da ya ji lambobin mara (irin su 3, 7, 9) guda uku a jere. Fergus Craik da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa raba hankali lokacin ɗaukar abu ya fi ɓarna sosai a kan raba shi lokacin da ake tambaya. Ka gwada hanyoyin biyu, wato karanto lambobin lokacin kallo da kuma lokacin tambaya, da mutane dabam-dabam, aƙalla goma a kowane ɓangare, don mutum biyu ko uku ba sa nuna komai sai halinsu.

Masu jiran layi kuma ina da abin da nake ba su. A 1979 Raymond Nickerson da Marilyn Adams sun gano yawancin Amurkawan da suka gwada ba su iya zaɓo zanen kwabonsu na gaskiya daga cikin na bogi ba, alhali kullum yana aljihunsu. Sai in miƙa takarda in ce a zana mini naira 200, a nuna gefen da Sardauna yake da inda ya fuskanta, ba taɓa aljihu.