Yadda Za A Kai Iyali Gandun Dajin Kampo-Ma'an Daga Garwa

Magidancin da ya yi niyyar kai iyalinsa daga Garwa su ga teku da gandun dajin Kampo-Ma'an a kudancin Kamaru, abu na farko da ya kamata ya tsayar shi ne lokaci. Watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne suka fi dacewa, domin a lokacin ruwan sama yana sassautawa a kudu, hanyar jar ƙasa ta yankin Kampo kuma takan bushe. A kai mota wurin makanike a duba birki da tayoyi, a haɗa takardun mota da katin shaidar kowa da takardun haihuwar yara, sannan a tanadi canji saboda shingayen karɓar kuɗin hanya.

Ina ba da shawarar a raba tafiyar kwana uku. Ranar farko a tashi daga Garwa bayan sallar asuba, a hau dutsen Mbe da sauran haske, domin kwana-kwanar hanyarsa ba ta da kyau ga mai bin bayan manyan motoci da dare. A Ngaundare a sayi kilishi na guzuri, a wuce Meiganga da Garwa-Bulai zuwa Bertuwa. Kwana na biyu a yi shi a Yawunde, inda unguwar Birketeri take da masallatai da tsire da 'yan'uwa Hausawa. Daga nan sai Edeya, sai Kiribi.

Kada a yi gaggawar barin Kiribi. Ƴan kilomitoci kudu da garin akwai inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atilantika, masu kwale-kwale kuma suna kai mutum har inda feshin ruwan zai jiƙa masa riga. A nan ne nake roƙon iyaye su sa ido sosai. Yaron da ya saba da wanka a Binuwai lokacin rani bai san igiyar ruwa tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa ba, saboda haka kada a saki hannunsa ko da ruwan iya gwiwa ne.

Gandun dajin Kampo-Ma'an, wanda aka kafa a shekarar 2000 kusa da iyakar Ikwatoriyal Gini, ba a shiga shi kai tsaye. Sai an nemi izini daga ofishin masu kula da shi, an biya kuɗi, an ɗauki ɗan jagora. Akwai giwayen kurmi da gwaggon biri, amma kurmin yana da duhu, sau da yawa sawu da kashi kawai ake gani, don haka a faɗa wa yara tun a gida. A sa musu riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, a riƙe gidan sauro. A ƙauyen Eboje da ke kan hanyar Kiribi zuwa Kampo, kunkurun teku kan fito da dare su yi ƙwai a cikin yashi a wannan lokaci na shekara.

A dawowa a ratsa Duwala, unguwar Bonanjo, a nuna wa yara gidan sarautar Bell da ake kira La Pagode, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20 domin Sarki Manga Ndumbe. Ɗansa, Rudolf Duala Manga Bell, shi ne Jamusawa suka rataye ranar 8 ga Agusta, 1914, bayan ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa. A ba yaran wannan labari tun a mota, kafin a tsaya a gaban ginin.