Yadda ake amfani da kalmar "claim" a rubutun labarai na Turanci

Duk wanda yake rubuta labarai da Turanci, ko yake fassara su zuwa Hausa, zai riƙa cin karo da "claim" kullum, kalmar da aka fi fassarawa da iƙirari. Abu na farko da ya kamata ya riƙe shi ne ba daidai take da "said" ba. Ita "said" isar da magana kawai take yi. Amma idan ka rubuta "the governor claimed", ka nuna wa mai karatu cewa kana da ja a kan maganar gwamnan, ko da ba haka kake nufi ba. Shi ya sa kamfanonin dillancin labarai irin su Reuters da AP suke jan kunnen ma'aikatansu a kanta.

Kafin ka rubuta ta, duba abu biyu: akwai wanda ya musanta maganar? Ko kuwa magana ce babba da aka faɗa ba tare da hujja ba, kuma babu hanyar tabbatar da ita? In babu ko ɗaya, koma wa "said", ko da sau goma za ta fito a labarin. Yawancin kuskuren daga gudun maimaita kalma yake tasowa. Marubuci ya gaji da "said", sai ya ɗauko "claimed" don ƙawata rubutu, ya ƙaryata mutum bai sani ba.

Inda abin ya fi muni shi ne labari mai ɓangare biyu. Sai ka ga an rubuta "police said" a sakin layi na farko, a na biyu kuma "residents claimed". Nan take an ba 'yan sanda gaskiya, an mayar da mutanen gari masu shaci-faɗi, alhali ɗan jaridar bai ga abin da ya faru da idonsa ba. Wannan rashin adalci ne. Kalmar da ka ba wancan, ita za ka ba wannan. Kuma a sani, "claimed" ba garkuwa ba ce: in ka buga zargin da ya ɓata sunan wani, ana iya maka ka a kotu duk da ka sa ta.

Akwai kuma wuraren da ma'anarta take sauyawa. "Claimed responsibility" na nufin ɗaukar alhakin hari, kamar yadda Abubakar Shekau ya yi a bidiyon watan Mayun 2014 kan sace 'yan matan Chibok. Idan bala'i ne ya zo a gabanta, babu batun shakka ko kaɗan: "the flood claimed lives" na nufin ambaliya ta yi sanadin mutuwar mutane. Kada a fassara ta da iƙirari.

A kula sosai da bambancin siyasa da wasanni. A zaɓen 2023, bayan INEC ta bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara, Atiku Abubakar da Peter Obi kowannensu ya ce shi ya ci. A nan "claimed victory" iƙirarin nasara ne. Amma in aka ce Najeriya "claimed the title" a gasar cin kofin Afirka ta 2013, bayan ta doke Burkina Faso da ci 1 da nema, to kofin ta ɗauka, ba iƙirari ta yi ba.

Ta fuskar nahawu, ana biyo ta da "that" sannan cikakkiyar jimla, ko da "to": "he claimed to have seen the attackers". A kanun labari kuwa "claims" ake rubutawa, ko da jiya aka yi maganar.