Yadda ake kare bututun ruwan makaranta daga daskarewa da wayar ɗumama

A Ingila da Kanada da arewacin Amurka, ɓarnar da sanyi ke yi wa makarantu takan yi yawa a hutun Kirsimeti. Ɗalibai sun tafi na kusan mako biyu, an rage wutar ɗumama ɗakuna, ruwa ya tsaya cak a bututu. Idan ruwa ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar ta toshe hanya, ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da ke rufe ya matse, bututu ya tsage. Ba a ganin komai sai ta narke. Haka aka gani a makarantun jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021: silin ya rufto, littattafai suka jiƙe.

Maganin shi ne waya mai ba da ɗumi da ake shimfiɗawa a jikin bututun. Ga yadda ake yi.

Da farko a zagaya ginin tun kafin sanyi ya shigo, a rubuta inda bututu yake fili: cikin rufi kusa da tanki, bayan bango na waje, ƙarƙashin ajujuwan wucin gadi, famfon filin wasa, da siririn bututun roba da ke fitar da ruwan boila (tukunyar da ke ɗumama ginin) waje. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma da ya daskare boilar kanta za ta mutu. A auna tsawo da kaurin kowanne, a lura ko tagulla ne ko roba.

Sai zaɓen waya. A ganina kada makaranta ta sayi wata in ba mai daidaita zafinta da kanta ba. A cikinta akwai wayoyin tagulla biyu, tsakaninsu baƙar roba mai garin kabon. Inda bututu ya yi sanyi, wutar da ke ratsa robar tana ƙaruwa. Inda ya yi ɗumi sai ta ragu. Ana yanka ta daidai tsawon da ake so. Ƙaramin bututu yawanci wat 10 a kowace mita ya ishe shi, amma a duba jadawalin kamfanin, musamman iyakar tsawon da layi ɗaya zai ɗauka, domin tana jan wuta sosai a lokacin da aka kunna ta cikin tsananin sanyi.

Wajen ɗaurawa ake gane gwani. A goge bututun ya bushe, a kankare duk wani kaifi. A miƙe wayar a ƙasan bututu, a ɗan karkace, wajen ƙarfe 4 ko 8 idan ka ɗauki bakin bututun kamar fuskar agogo. A nan ba za a taka ta ba, kuma ɗumi sama yake yi. A ɗaure da salatif na zaren gilashi duk bayan santimita 30. Ban da wayar ƙarfe, tana yanka rigar wayar ɗumamar. Idan bututun roba ne a bi kan wayar da salatif na alminiyam, don roba ba ta watsa zafi. A kan bawul (makullin ruwa) da mahaɗa da ƙarfen da ke riƙe bututu a ƙara lanƙwasa, su ne ke shan zafi, a kuma bar ta sakwa-sakwa yadda mai gyaran famfo zai iya kwance bawul ba tare da ya yanke ta ba. Bakin ƙarshe a rufe shi da marfin da kamfani ya bayar, kada a haɗa wayoyin tagullar biyu da ke ciki.

Haɗa wuta aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne, ba na mai kula da gini ba. Zai sa makatsar wuta mai ƙarfin miliamf 30 da ke yankewa idan wuta ta zurare, ya gwada lafiyar rigar wayar da na'urar mega, mai gano ko wuta na zurarewa, kafin a rufe da soso da bayan an rufe. Sannan na'urar auna sanyi da za ta kunna wayar idan ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 3 zuwa 5 na Salshiyas. Barin ta a kunne dare da rana asarar kuɗi ce, kuma a Ingila ana so ruwan sanyi ya zauna ƙasa da digiri 20 saboda ƙwayar cutar lijonela, mai kama huhu, wadda ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi.

Daga nan a rufe bututu da waya da soso mai riƙe zafi, ba a bar ko tazarar yatsa ba. Waya babu soso, iska kawai kake ɗumamawa. Soson da ke waje a yi masa riga mai hana ruwa, don jiƙaƙƙen soso bai da amfani. A manna takardar gargaɗi a jiki cewa akwai wuta a ciki, saboda mai zuwa da zarto gobe.

Kowane watan Oktoba a sake gwaji, a duba inda ɓera ya ci soso. Ranar da za a rufe makaranta, a tabbata wanda ke kashe wutar gini bai haɗa da layin wayar ba, a rubuta sunan layin ɓaro-ɓaro a akwatin wuta. Wayar ba ta aiki idan an ɗauke wuta, saboda haka duk sashen da ba za a yi amfani da shi ba a rufe ruwansa a zuƙe bututun, kuma mai gadi ya san inda babban makullin ruwa yake.