Darasi na 9: Lambobi Gagara-Rabo, Ƙanana da Manya

Mai sayar da goro a kasuwar Garwa da ya rage masa goro 97 zai sha wuya in ya ce zai kasa su kashi-kashi daidai. Kashi 2, 3, 4, duk yadda ya yi sai an sami saura. Irin wannan lamba ita ce gagara-rabo: ba ta rabuwa sai da 1 ko da ita kanta. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Ba a sa 1 a ciki. Kuma 2 ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne. Daga 1 zuwa 100 akwai guda 25, daga 1 zuwa 1000 akwai 168.

Ga yadda ake gwada lamba da biro da takarda. Mu ɗauki 997.

Fara duba ƙarshenta. In ta ƙare da 0, 2, 4, 5, 6 ko 8, kuma ta wuce 5, an gama magana, tana rabuwa. 997 ta ƙare da 7. Sai ka tara lambobinta: 9 da 9 da 7, 25 ke nan. 25 ba ta rabuwa da 3, to 997 ma haka. Daga nan sai a bi jerin lambobi gagara-rabo: raba ta da 7, saura 3. Da 11, saura 7. Da 13, saura 9. Haka za ka bi 17, 19, 23, 29, 31, kowace sai ta bar saura. A 31 ake tsayawa, domin mai bi mata 37 ce, kuma 37 sau 37 ya kai 1369, ya zarce 997. Ci gaba bayan nan ɓata tawada ne kawai: 997 gagara-rabo ce.

Inda masu koyo suka fi zamewa shi ne gaggawa. Mutum ya ga 91 mara ce, ba ta rabu da 3 ko 5 ba, sai ya yanke hukunci. Alhali 7 sau 13 ne. Kada a tsallake ko ɗaya a jerin.

Akwai wani rukuni mai sunan Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. Ana jera 2 guda da yawa a ninka su, sannan a cire 1. Guda 5 sun ba da 32, cire 1, saura 31, gagara-rabo ce. Guda 7 sun ba da 127, ita ma haka. Amma a kula sosai, ba kullum dabarar ke ci ba: guda 11 sun ba da 2047, wadda ita ce 23 sau 89.

A wannan rukuni aka fi samun manya-manyan. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wadda aka samu daga jera 2 guda 136,279,841 a cire 1. Tsawonta lambobi 41,024,320 ne. In za ka rubuta ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka haura shekara ɗaya da wata uku. Rabawa ɗaya-ɗaya ba ta aiki a nan, kwamfutoci ne suka tabbatar da ita ta wani gwaji na musamman na lambobin Mersenne da ake kira Lucas-Lehmer. Ba ita ce ta ƙarshe ba, domin tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Euclid, wani masanin lissafi Bagirke, ya nuna cewa lambobi gagara-rabo ba su da iyaka.

Aiki: gwada 101, 143, 221 da 251. Rubuta saurar kowace rabawa a gefen takarda domin malami ya duba.