Yadda Za Ka Kwashe Bayananka Daga Tsohuwar Na'urar Aljihu Zuwa Wayar Zamani

Har yanzu akwai masu ajiye da ƙaramar na'urar nan ta aljihu mai riƙe lambobin waya da jadawalin aiki, irin Casio Digital Diary ko Palm da ta fara fitowa a 1996. Kamfanin HP ya sayi Palm a 2010, bai jima ba ya daina ƙera na'urorin, don haka in ta lalace yau gyaranta sai an sha wuya. Sayen sabuwar waya ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne fito da abin da ke cikin tsohuwar ba tare da ya salwanta ba.

Da farko, kada ka taɓa batir. Yawancin tsofaffin na'urorin nan wutar batir ce ke riƙe musu bayanai. Palm mai amfani da batir AAA in ka bar ta babu batir fiye da kamar minti ɗaya, tana iya farkawa fayau, ba suna ko ɗaya. Casio kuwa tana da babban batir da na ko-ta-kwana. In ya zama dole ka canza, ɗaya bayan ɗaya, kada ka cire su tare. In allon ya fara dusashewa, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka tun kafin komai.

Na biyu, duba ko na'urar ta taɓa haɗuwa da kwamfuta. Mai Palm da ya saba danna maɓallin HotSync, wanda ke kwafe bayanan na'urar zuwa kwamfuta, bayanansa na nan a manhajar Palm Desktop. Buɗe sashen adireshi, zaɓi dukkan sunayen (in ba haka ba, suna ɗaya tak zai fita), shiga File, danna Export vCard. Za ka samu fayil mai ƙarewa da .vcf. Rubuce-rubucen Memo kuma fitar da su a matsayin rubutu zalla. Tsohuwar kwamfuta ta fi dacewa da wannan aiki, domin Windows na yanzu kan ƙi gane kebul ɗin Palm sai an nemo masa direba ta daban, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura.

Casio da ba ta da kebul fa? Sai haƙuri, da hannu za ka shigar. Yi a kwamfuta, a shafin Google Contacts, ya fi latsa allon waya sauri nesa ba kusa ba. Kada ka manta da sashen sirri mai kalmar wucewa, nan ne mutane ke ɓoye lambobin asusun banki.

Na uku, gyara lambobin, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe. In fayil ɗinka ba .vcf ba ne, CSV ne (mai jera bayanai kamar tebur), ka buɗe shi da Excel, zai cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803, doguwar lamba kuma ta rikiɗe ta zama wani lissafi mai harafin E a tsakiya. In ka adana a haka, ka ɓata fayil ɗin. Saboda haka ajiye kwafi ɗaya da ba za ka taɓa ba, ka yi gyara a na biyu, da Notepad in zai yiwu. Sa +234 a gaban lambobin Najeriya ka cire sifirin, +227 ga na Nijar, don su yi aiki a WhatsApp da kuma in ka yi tafiya. Za ka ci karo da lambobin gida na zamanin NITEL, tsohon kamfanin wayar tarho na gwamnati, 064 na Kano, 062 na Kaduna. Yawancinsu sun mutu. A ganina share lambar ka bar sunan da adireshin. Sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu kuma tsohuwar na'urar ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba, yanzu kana iya gyara su.

Na huɗu, shigar da fayil ɗin ta Import a Google Contacts, sannan danna Merge and fix don haɗe sunayen da suka maimaitu. Ajiye a asusun Google, ko iCloud ga mai iPhone, ba a layin SIM ba. SIM suna da lamba kawai yake ɗauka, adireshi da ƙarin bayani duk zubewa suke.

Jadawali bai cancanci wahala ba. Google Calendar na karɓar fayil ICS (na jadawali) ko CSV, amma alƙawuran da ke maimaituwa kan zo a hargitse. Shigar da na gaba da hannu, tsofaffin ka bar su a fayil. Memo kuma manna su a Google Keep, manhajar ajiye rubutu.

Daga nan ɗauki sunaye kamar ashirin daga wurare daban-daban, ka gwada abin da ke tsohuwar da na sabuwar, musamman masu lamba biyu ko uku. Bar tsohuwar da batirinta na wata guda. In za ka bayar da ita ko ka yar, yi mata cikakken gogewa ta ramin Reset da ke bayanta. A Palm sai ka riƙe maɓallin kunnawa yayin da kake tsokana ramin.