Yadda Ake Sharhin Fawa Banki a Zafin Sakkwato

Sharhin kaya don sha'awa aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Sayi kayan da kuɗinka a Babbar Kasuwa kamar kowa, ka ajiye rasit. In ɗan kasuwa ne ya ba ka kyauta, faɗi hakan tun farko, don ranar da aka gano ka ɓoye, ba mai sake yarda da maganarka.

Fawa bankin da aka rubuta wa 10,000mAh (mAh ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka ne) ba ya ba waya 10,000. Batirinsa na aiki a bolt 3.7, yana fitar da wuta a bolt 5, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Mai kyau kan ba da wajen 6,000 zuwa 6,500, kada ka kira shi jabu a kan haka, zalunci ne ga mai shago. Don gwaji, cika fawa bankin taf, bar wayar ta sauka zuwa kashi 10, caja ta da kebul ɗaya, ka rubuta sau nawa ya cika ta. Maimaita sau uku. Kebul mai arha kan sa a zargi kaya mai kyau.

A Afrilu zafi kan haura digiri 40, saboda haka gwada a inuwa, ka rubuta watan da ka yi gwajin. Wanda ya kumbura ko yake ƙona hannu, daina amfani da shi nan take.

Jira wata guda kafin ka yanke hukunci, don gyambon kaya bai cika fitowa a makon farko ba. Ribar ba kuɗi ba ce da farko: maƙwabta da ɗalibai ne za su riƙa tambayarka kafin su saya.