In Za Ka Kusko, Fara da Hutu

Kuskurena na farko a Kusko, tsohon babban birnin daular Inka a ƙasar Peru, shi ne gaggawa. Daga Lima, bakin teku, jirgi ya sauke ni a tudu mai tsayin mita 3,400. Na ajiye jaka na kama hawan tsauni. Kafin magariba kaina kamar ana sara, numfashi sama-sama.

Don haka ranar farko kwanta. Sha ruwa sosai, ci abinci kaɗan, in an miƙo maka shayin ganyen koka, karɓa. In jiki ya ƙi, gangara garin Ollantaytambo, can ya fi ƙasa.

Washegari je Korikanca, haikalin rana da Sifaniyawa suka ɗora coci a kansa. Girgizar ƙasar 1950 ta lalata cocin, ganuwar Inka ko gezau. Shafa ta da hannunka: duwatsu ne aka sassaƙa aka haɗa ba siminti, ko reza ba ta shiga tsakaninsu. Na daɗe tsaye nan, wallahi.

Riƙe canjin sol, kuɗin ƙasar Peru, don kasuwar San Pedro. Ka zo tsakanin Mayu da Satumba, lokacin rani, amma da rigar sanyi mai kauri, dare akwai hunturu.